Kunnen Ɗan Shekara 14: Yadda Masoya Kiɗan Hebi Metal Suka Tsufa Tare da Kiɗansu

Rubutun wannan makon zai kai mu Birmingham ta ƙasar Ingila, cikin wani kiɗa da na san da yawanmu ba mu taɓa zama mun saurara ba, wato hebi metal. Ma'anar sunan ita ce ƙarfe mai nauyi. Jitar lantarki ce ake ƙure wa murya har sautinta ya yi kauri ya dusashe, a haɗa da ganguna masu dukan ƙirji da mawaƙin da ke ɗaga murya iya ƙarfinsa. Na san akwai wanda da ya ga hotunan ƙwarangwal da baƙaƙen kayan da suke sawa zai ce a'uzubillahi ya wuce. Ban zo tallar kiɗan ba, kowa da abin da addininsa da tarbiyyarsa suka yarje masa. Abin da ya ja hankalina shi ne, kiɗa ne da aka ƙirƙira don samari masu jin haushin duniya, kowa ya ɗauka da sun girma za su watsar, sai ga shi an wuce shekara 50 suna riƙe da shi. To me ya faru da kunnensu a tsawon wannan lokaci?

Don mu bi labarin da sauƙi, mu ƙaddara wani yaro da aka haifa a unguwar Aston ta Birmingham a 1956. Ba wani takamaiman mutum nake nufi ba, irinsa dubbai ne. Ubansa ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, shi ma ya san can zai ƙare, domin a lokacin yaro na iya barin makaranta a Ingila yana ɗan shekara 15. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, yana da shekara 14 ko dab da cikawa, wasu samari huɗu 'yan unguwarsu suka fitar da faifansu na farko. Sunan ƙungiyar Black Sabbath, sun aro shi daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963. Ozzy Osbourne ke waƙa, Tony Iommi ke jita, Geezer Butler ke jita mai kaurin murya, Bill Ward ke ganguna.

Nauyin sautin nan yana da asali a masana'anta. Iommi yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wani kamfanin farantin ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuma bahago ne, wato da damansa yake danna tsirkiya. Sai ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya lulluɓe da fata, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi. Zuwa faifansu na uku a 1971 ya sassauta ɗaurin tsirkiyoyin don rage zafin dannawa, sautin ya ƙara yin ƙasa, ya ƙara duhu. Shi Ozzy ya yi aiki a mayanka da kamfanin kayan mota, ya kuma ɗanɗana gidan yari saboda sata. Yaronmu bai ji waƙar furanni da zaman lafiya irin wadda 'yan Kalifoniya ke yi a lokacin ba, abin da ya ji ya yi kama da ƙarar da ke fitowa daga masana'antar da ke ƙarshen layinsu. Masu sharhin kiɗa a jaridu suka yi wa faifan kaca-kaca. Wannan ma ya ƙara masa son abin, domin abin da manya suka raina shi ne nasa.

A nan akwai wani bincike da ya dace a ambata. A 2018 wani masanin alƙaluma mai suna Seth Stephens-Davidowitz ya duba bayanan manhajar Spotify, ya gano cewa waƙoƙin da namiji ya fi komawa gare su bayan ya girma su ne waɗanda suka fito yana wajen shekara 14, mace kuma wajen 13. Ku riƙe wannan lambar, za mu yi ta cin karo da ita.

Matakin farko na kunnen mai son metal ba ya da wuyar ganewa: yana neman ƙari. Abin da ya girgiza shi bara, bana ya zama ruwan sha. Daga Black Sabbath yaronmu ya wuce zuwa Judas Priest, su ma 'yan yankin Birmingham, waɗanda suka rage ɗanɗanon bulus a kiɗan, suka ƙara sauri, suka kawo shigar baƙar fata mai ƙusoshi. Sai Motörhead ta Lemmy, sai Iron Maiden daga gabashin Landan da faifansu na farko a 1980. A shekarar aka fara bikin Monsters of Rock a Donington, a 1981 mujallar Kerrang! ta fito. Lokacin yaronmu ya kai 25, kuma garin da ya haifi kiɗan yana durƙushewa. Masana'antu na ta rufewa, zuwa 1982 marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan 3. An kori Ozzy daga Black Sabbath tun 1979, Ronnie James Dio ya maye gurbinsa, kuma nan aka yi rabuwar kai ta farko: masu cewa ba Sabbath in ba Ozzy, da masu cewa Dio ya fi shi murya nesa ba kusa ba. Har gobe ba a gama wannan musun ba.

Yanzu mu ba yaronmu ƙane, haihuwar 1969. Shi ya cika 14 a 1983, shekarar da Metallica ta Amurka ta fitar da Kill 'Em All. A wajen ƙanen, kiɗan yayansa kiɗan tsofaffi ne, yana tafiya kamar rakumi da kaya. Shi sauri yake so. Ba rediyo ke ba shi ba, kaset ne ake kwafa a aika ta gidan waya daga ƙasa zuwa ƙasa, kowa na alfahari da cewa ya san wata ƙungiya da babu wanda ya sani a ajinsu. A 1986 Slayer suka fitar da Reign in Blood, waƙa 10 cikin ƙasa da minti 30. Ana cikin haka a jihar Florida aka fara wani salo da mawaƙi ke gurnani daga maƙogwaro maimakon rera waƙa.

Tseren ya zo ya ƙare a inda aka fara, a Birmingham. A 1987 wata ƙungiya mai suna Napalm Death ta fitar da faifan Scum. A ciki akwai waƙar You Suffer, tsawonta daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, har ta shiga kundin Guinness a matsayin waƙa mafi gajarta. To daga nan ina za a je? An kai bango. Kuma abin da samarin Napalm Death suka yi bayan nan, a ganina, ya fi duk wani bincike bayyana yadda kunnen mai son metal ke juyawa. Lee Dorrian, mawaƙinsu, ya fita a 1989 ya kafa Cathedral, wadda faifanta na farko a 1991 ke jan ƙafa kamar ana rakiyar gawa, kai tsaye a kan sawun Black Sabbath ta 1970. Justin Broadrick ya kafa Godflesh, kiɗa mai nauyi amma a hankali, da injin ganga maimakon mutum. Mick Harris, mai gangar da ya yi suna wajen gudun hannu, ya ajiye wannan gudun ya kafa Scorn, ya koma kiɗan na'ura mai sanyi da faɗi. Bill Steer mai jita, bayan shekarunsa a Carcass, ya kafa Firebird yana buga bulus irin na farkon shekarun 1970. Mutum huɗu daga ƙungiya ɗaya, kuma a lokacin da ukun farko suka juya babu wanda ya kai 30. Ba wanda ya tilasta musu, ba kuma kuɗi suka bi ba, don abin da suka koma yi bai fi na da kasuwa ba. Kunnen ne ya ƙoshi da sauri ya fara neman wani abu: sarari, nauyi, shiru tsakanin bugu da bugu.

Masu sauraro ma haka suka yi, sai dai ba su cika yarda a fili ba. Wani babban bincike da masana a Jami'ar Cambridge suka wallafa a 2013, kan mutum fiye da 250,000, ya nuna cewa son kiɗa mai zafi da ƙara yana kai ƙololuwa a ƙuruciya sannan ya fara sauka, a tsakiyar rayuwa kuma mutum ya fi karkata ga jaz da kiɗan gargajiyar Turai da waƙoƙin karkara. Wani ma'aikacin Spotify kuma ya lissafa a 2015 cewa wajen shekara 33 yawancin mutane ke daina bin sababbin waƙoƙin da ake yayi, kuma haihuwa na ƙara gaggauta hakan. Wannan na biyun ina ɗaukarsa da taka-tsantsan a kan mutanenmu na metal, domin su dama ba yayi suke bi ba. Abin da ke faruwa da su ba rufewar kunne ba ne. Mutumin da ya shafe shekara goma yana sauraron yatsun mai jita, ya koyi bambance gwani da ɗan koyo, wannan horon ba ya ɓacewa. Shi ne ke kai shi ga tsofaffin mawaƙan bulus na Amurka da Iommi ya koya daga gare su, ko ga Bach, wanda Cliff Burton na Metallica ya yi karatun kiɗansa kafin ya rasu a hatsarin mota a Suwidin a 1986.

Sai 1991, shekarar da ta raba gari biyu. A watan Agusta Metallica ta fitar da baƙin faifanta, waƙoƙin sun gajarta, saurin ya ragu, har da waƙar soyayya mai taushi. Ya sayu fiye da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai. A watan Satumba Nirvana ta fitar da Nevermind, cikin ɗan lokaci kamfanonin faifai suka juya wa 'yan metal masu dogon gashi da kwalliya baya. Ƙanen yaronmu yana da 22, ya ji kamar an yi masa fashi ta gaba da ta baya. Da 1996 ta zo Metallica suka fito da Load, sun aske gashi, James Hetfield har yana waƙa da salon karkarar Amurka, sai aka ce shi ke nan, sun sayar da kansu.

Wannan zargin na sayar da kai shi ne zagi mafi muni a duniyar metal, kuma na daɗe ina ganin rabinsa ba a kan mawaƙan yake ba. A 1996 Hetfield yana da shekara 33. Ƙanen nan namu yana da 27, wataƙila shi ma ya aske nasa gashin saboda neman aiki, ya yi aure, rigar Slayer ta koma ta kwana. Yana so Metallica su tsaya a 1986 su riƙe masa ƙuruciyarsa kamar ajiya, shi ya je ya girma ya dawo ya tarar da ita yadda ya bar ta. Da suka girma tare da shi sai ya ji haushi. Ban ce duk sukar banza ba ce, Load yana da waƙoƙin da ko mai son su ba zai rantse a kansu ba, kuma ƙarar da suka kai Napster a 2000 ta ɓata musu suna a wajen yaran da suka taso da musayar kaset, wanda shi ne ya ɗaga su tun farko. Amma ku lura, tun 1984 da suka saka waƙa mai sanyi guda ɗaya, Fade to Black, aka fara kiran su maciya amana. Yau ita ce tsofaffin masoyan ke rerawa da hawaye.

Shi kuwa babban yaya, haihuwar 1956, a shekarun 1990 bai ma shiga rigimar ba. Yana da 'ya'ya, yana da bashin gida, faifansa na cikin kwali a saman silin. A mota rediyo yake kunnawa. Ɗansa, a ce haihuwar 1986, ya cika 14 a 2000, shekarar Hybrid Theory na Linkin Park, lokacin da Korn da Slipknot ke tashe, ana gauraya metal da rap. Uban da kawun suka haɗu a kan magana ɗaya karon farko a rayuwarsu: wannan ba metal ba ne. Daidai abin da aka faɗa wa kowannensu a nasa lokacin. A 2002 kuma yaron ya ga Ozzy a tashar MTV cikin shirin The Osbournes, dattijo mai rawar hannu yana fama da rimot ɗin talabijin da kashin karnuka a falo. Da wuya ya yarda wannan ne mutumin da iyaye suka taɓa jin tsoro.

Tsoron kuwa an yi shi da gaske. A 1985 wata ƙungiyar matan manyan 'yan siyasar Amurka, cikinsu har da Tipper Gore, ta kai maganar waƙoƙin batsa da tashin hankali gaban kwamitin majalisar dattawa, daga nan aka samo tambarin gargaɗin iyaye da ake mannawa a faifai. A 1990 aka gurfanar da Judas Priest a kotu a Nevada bisa zargin ɓoye saƙo a waƙa da ya sa wasu samari biyu harbin kansu, alƙali ya wanke su. A Norway kuma a farkon shekarun 1990 wasu 'yan salon bilak metal sun ƙona coci-coci, ɗaya ya kashe ɗan uwansa mawaƙi a 1993, wannan ba ƙage ba ne. To amma yawancin yaran fa, me suka zama? Wani bincike da Tasha Howe ta jagoranta a Kalifoniya, aka wallafa a 2015, ya tambayi waɗanda suka yi metal a shekarun 1980, ya samu cewa duk da sun yi rayuwa mai haɗari a ƙuruciya, sun girma lafiya lau, ba su kasa tsararrakinsu a aiki da zaman iyali ba. Sai dai mu tuna, wanda ya rayu ne kawai ke amsa tambayar mai bincike.

Daga shekara 40 zuwa sama hanya takan rabu. Wasu su bi sawun Mikael Åkerfeldt na ƙungiyar Opeth ta Suwidin, wanda a 2011, yana da 37, ya daina gurnani a faifan Heritage ya koma salon shekarun 1970 da yake tara faifansu, masoya suka yi ta tsine masa, sai a 2024 ya dawo da gurnanin. Wasu su bi Robert Plant na Led Zeppelin, shi ma ɗan yankin Birmingham, wanda ake lissafa ƙungiyarsa cikin kakannin metal ko da yake shi ba ya son sunan. A 2003 ya je bikin kiɗan hamada a Essakane kusa da Timbuktu, a 2007 ya yi faifai mai sanyi da Alison Krauss, ya kuma ƙi yarda a sake zagayen duniya da Led Zeppelin duk da maƙudan kuɗin da ke ciki. Ta irin wannan ƙofar ce jitar Abzinawa ta shiga kunnen masu sauraron rok na Turai da Amurka. Mdou Moctar na Nijar, wanda ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, yau a dandalinsu yake wasa. Shi ma bahago ne kamar Iommi, kuma da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko.

Sai jiki ya fara nasa hukuncin. Kiɗa ne da ake ji da wuya da ƙafa da kunne, kuma duka ukun suna gajiya. Tom Araya na Slayer ya daina kaɗa kai a dandali bayan tiyatar da aka yi masa a 2010. Brian Johnson na AC/DC ya dakatar da wasa a 2016 da likitoci suka ce zai kurumce. Lars Ulrich ya daɗe yana fama da ƙuwwa a kunne. Dio ya rasu a 2010, Lemmy a Disamban 2015, kwana huɗu bayan ya cika 70. Mai sauraron da a da yake tsakiyar turmutsitsi, yanzu tikitin kujera yake saya, da abin toshe kunne a aljihu. Amma yana da abin da ba shi da shi a 1970, wato kuɗi. Kasuwa ta gane haka. Ana sake buga tsofaffin faifai a kwali mai tsada. Bikin Wacken da aka fara a wani ƙauyen arewacin Jamus a 1990 da mutum wajen 800, yanzu yana tara kusan 85,000. Tun 2011 ma akwai jirgin ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Florida cike da ƙungiyoyin metal, mutum ya ji gurnani ya koma ɗakinsa mai na'urar sanyi ya kwanta. Ɗan shekara 14 na 1983 da zai ga haka da ya yi amai.

A wannan matakin ne kwalin saman silin ke saukowa. Ya zaga jaz, ya zaga bulus, wataƙila ya leƙa kiɗan Mali, ya dawo kan faifai biyun farko, sai ya ji abin da bai ji ba a da: ashe Bill Ward salon jaz yake bugawa, ashe War Pigs zagin masu tura 'ya'yan talakawa yaƙi ce, ashe Butler da ke rubuta yawancin baitocin tarbiyyar Katolika ya samu, gargaɗi a kan Shaiɗan ya fi yawa a ciki fiye da yabonsa. Kuma ya daina faɗa da na bayansa. A 2022 shirin Stranger Things ya saka Master of Puppets ta 1986, yara 'yan 14 suka yi ca a kanta, wasu tsofaffin masoya suka fara gunaguni, Metallica da kansu suka fito suka ce kowa na da wuri.

Ranar Asabar 5 ga Yulin 2025 aka taru a filin ƙwallon Villa Park da ke Aston, tafiyar ƙafa daga gidan da Ozzy ya tashi. Mutum wajen 40,000, kuɗin kuma na asibitin yara na Birmingham da gidan kula da yara marasa lafiya da masu binciken cutar Parkinson, wadda ta hana Ozzy tsayuwa. Metallica da Slayer da Pantera da sauran waɗanda suka taɓa ganin sun wuce Sabbath sauri duk suka zo suka yi gajeren wasa a matsayin masu share fage. Aka ɗago Ozzy daga ƙarƙashin dandali a kan baƙar kujera, yana da shekara 76. Mutum huɗun farko suka haɗu karon farko cikin shekara 20, Bill Ward ya tuɓe riga yana da 77. Waƙa huɗu kawai suka iya yi: War Pigs, N.I.B., Iron Man da Paranoid. Dukkansu daga faifai biyun 1970 ne, shekarar da yaronmu ke da 14. In yana wurin, shekararsa 69.

Kwana 17 bayan nan, ranar 22 ga Yuli, Ozzy ya rasu. Ranar 30 ga wata aka zaga da gawarsa cikin gari, motar ta bi ta Lodge Road a Aston inda gidan iyayensa yake, ta fito Broad Street ta tsaya a gadar da aka raɗa wa sunan Black Sabbath. A gaban motar 'yan badujala ne na garin ke tafiya a ƙasa, suna busa waƙoƙinsa da ƙaho, babu jitar lantarki ko ɗaya.